Kwandon Bahaguwa

Litinin, bayan magariba

'Yata Auta ce ta kawo mini wannan littafin daga kemis ɗin da take aiki, irin wanda kamfanonin magani ke rabawa kyauta. Ta ce tunda na koma magana ni kaɗai a madafa, gara in riƙa zubawa a takarda kafin maƙwabta su fara yi mini addu'a. Yaran yanzu ba su da ta ido. To ga ni ina zubawa.

Da dama nake rubutu, ko da yake ni bahaguwa ce tun haihuwa. Wani malaminmu na firamare ne ya yi ta bugun hannun da rula har na koma. Shekara da shekaru ina jin haushin bawan Allahn nan. Yau dai na yafe masa, har na sa masa albarka.

Ɗazu Shugaba ta tara mu, matan ƙungiya, a ɗakin saƙa, ta ce kantin nan na ƙasar waje da ke sayen kwandunanmu zai turo wata mata ƙarshen wata ta gan mu da idonta. Mutanen kirki ne, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kafin su zo, dillalai ke kwashe mana aikin mako guda a kan abin da bai kai kuɗin kaba ba. Su kuwa farashin gaskiya suke biya, ba ja-in-ja. Sharaɗinsu ɗaya ne: kowane kwando yana tafiya da ɗan kati mai hoton wadda ta saƙa shi, kuma dole katin ya faɗi gaskiya. Shi ya sa muka kafa wa kanmu doka, hannun da ya fara gindi shi zai rufe baki. Masu jakar fata na bayan layinmu sun yi wasa da wannan, suka cusa ɗinkin inji a cikin na hannu. Da aka gano, kantin ya janye, yanzu shagonsu wani ke sayar da taya a ciki. Shugaba ta ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sannan ta juyo gare ni tana murmushi. Wai baƙuwar ni ta fi son gani. Tana so ta zauna kusa da ni ta kalli yadda nake yin mai-komawa-baya, saƙar da Inna ta koya mini, wadda zanenta ke hawa ta hagu saɓanin na kowa. Ita ta fi tafiya a kantin, kuma duk ƙungiyar ni kaɗai ke yin ta. Wai hotona ma yana rataye a can jikin gilashi.

Mata suka yi ta tafi. Ni ma na yi, a kan cinyata.

Laraba, da safe

Kofi ya faɗi. Santsi ne, hannuna da sabulu.

Alhamis, da yamma

Ɗakinmu dogo ne, taga uku duk a bango ɗaya. Saboda haka a jere muke zama, bayanmu jikin bangon tagogin, hasken yana sauko mana a kan cinya. Wurina na ƙarshe ne ta hagu, don kada gwiwar hannuna ta riƙa karo da ta wata. Shekara goma sha wani abu ina nan, har tabarmar ta yi gurbina.

Kusa da ni Rediyo take. Tare muka tashi tun muna 'yan mata, sunanta na yanka ina jin mijinta ma sai ya yi tunani kafin ya tuna. Daga ta ajiye mayafi take kunnawa: wa ya haihu, wa ya yi yaji, wa ya sayi firiji alhali ba wuta a layinsu. Hannunta na aiki, bakinta na aiki, ba wanda ke jiran wani.

Yau tana tsakiyar labarin surukarta basillata ta suɓuce ta gangara har ƙarƙashin ƙafarta. Ta ɗauko ta miƙo mini ba ta ko ja numfashi ba. Can an jima ta sake suɓucewa. Ta sake miƙo mini, amma wannan karon labarin ya ɗan tsaya. Na ce mata man da na shafa ne. Ta ce to in rage kwalliya, tsufa ya riga ya gan ni.

Na yi dariya. Zagaye biyu kawai na ƙara wa kwandon yau, ni da kan yi bakwai kafin la'asar.

Hannu lafiya lau. Gajiya ce.

Asabar, da hantsi

Malam, maigidana, ya dawo daga kasuwa da kofunan roba, masu launin da ko yaro zai raina. Mutumin da ya ce shayi a roba ɗanɗanon bokiti yake yi. Ya jera su a kan tire, ya kwashe sauran na tangaran ya ɗora can saman kabad inda sai an taka kujera. Na tambaye shi dalili, ya ce araha ya samu.

Shekara talatin da aure, ban taɓa jin tsoron kirkinsa ba sai yau.

Lahadi, bayan azahar

Inna ma da kofi ta fara.

Lahadi, da yamma

Ban san abin da ya sa na rubuta wancan ba. Nata daban ne, ta girme ni sosai a lokacin. Ba za a haɗa ba.

Talata, bayan la'asar

Wani abu ya faru, ban san yadda zan rubuta shi ba.

Kullum da azahar nakan leƙa gida in zuba wa Malam abinci, tunda ba nisa. Yau ma na rufe kwandona da zane na tafi. Na bar shi daidai inda jan kaba ya ƙare, zan shiga baƙi. Na tabbata, don har na jiƙa baƙin na ajiye a kwano. Da na dawo na yaye zanen sai na tarar baƙin ya zagaya sau biyu, ya zauna tsaf.

Na zauna ina kallonsa. Rediyo tana ba na kusa da ita labarin wani mai shago da ya auna mata sukari da yatsansa a kan sikeli. Kowa na harkarsa. Na ce a raina wataƙila na yi na manta, ai mutum yakan yi tafiya bai san ya taka ba. Na ɗauki basilla na ci gaba, ko in ce na yi ƙoƙari. Yatsu biyun nan na tsakiya kamar na aro, ina aika su ba sa zuwa da wuri.

Ban taɓa manta zagaye ba a rayuwata. Nakan manta inda na ajiye makulli, nakan manta gishiri, amma kwando a'a.

Alhamis, da yamma

Ya sake faruwa jiya da yau.

Yau na kai shi bakin taga na duba da kyau. Ɗinkina tun ina yarinya hagu yake kwantawa, kamar ciyawar da iska ta bi ta kanta. Ko a duhu na shafa zan gane nawa. Waɗannan zagayen da ban tuna ba, ɗinkinsu dama ya kwanta. Kaɗan ne, sai wanda ya san aikin. Zanen ma ba mai-komawa-baya ba ne na gaskiya, kamarsa ce aka bi daga waje.

To in ni na yi, me ya sa hannuna ya juya? In kuma na yi ban sani ba, ke nan abin bai tsaya a hannu ba, ya hau sama.

A ƙarshe-ƙarshen Inna, takan kira ni da sunan ƙanwarta. Wata rana ta riƙe faifan da ita ta saƙa tana tambayata wa ya yi wannan aiki mai kyau haka.

Ba zan ƙara rubuta maganar Inna ba.

Juma'a, bayan magariba

Auta ta tsare ni a madafa. Ta ce tun yaushe na koma yanka albasa da dama, ga shi kamar ana sara itace. Na ce ina gwada ɗayan ne kada ya yi ƙiwa. Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun hagun ta ce in matse yatsanta da ƙarfi. Na matse. Ta ce in matse mana. Na ce ai na matse.

Ta saki hannun, sannan ta ce akwai likitan jijiya da ke zuwa babban asibiti ranar Talata, za ta karɓo mini lamba. Na ce bayan baƙuwa ta tafi. Ta ce, "Mama, baƙuwar nan ita za ta ba ki wani hannun?" Na ce ta fita mini daga madafa, ba a haife ta ba na fara saƙa, kuma sayar da maganin tari bai mai da ita likita ba.

Ta fita. Na ji ta a ɗaki tana jan hanci. Ni na haife ta, na san maganar ta yi mata zafi, amma in na je asibiti za su ba abin suna. Yanzu ba shi da suna, gajiya ce.

Asabar, da safe

Hannu lafiya. Na ɗaura ɗankwali da kaina.

Asabar, da hantsi

Malam ne ya ja mini ƙullin.

Litinin, da yamma

Na yi dabara. Kafin in tafi gida da azahar na tsinke zare daga bakin zanena na cusa daidai inda na tsaya, na kuma faɗa wa kaina a hanya har gida: a zare na tsaya, a zare na tsaya. Malam ya ce da wa nake magana, na ce da shinkafa.

Na dawo, saƙa ta wuce zaren da zagaye ɗaya da rabi. Ina gida lokacin, Malam shaida ne, har miya ta zube mini a zane. Ke nan ba ni ba ce.

Wallahi da farko daɗi na ji, har na zauna daɓas. Kaina lafiya. Sai daga baya wani tsoron ya zo ya maye gurbin na farko. Wani hannu yana shiga kwandona, kwandon da zai tafi da hotona. Uku na riga na rufe na miƙa, suna can cikin ɗakin ajiya an maƙala musu kati.

Talata, bayan azahar

Na yi kamar na tafi, na zagaya ta bayan mai wankin mota na dawo ta ƙofar ɗakin rini. Mata sun fita alwala da cin abinci. Ɗakin tsit, abin da ban taɓa ji ba.

Rediyo ce. Tana zaune a gurbina, ta juya kwandon ta kifa shi a gwiwa tana saƙa ta ciki don hannunta na dama ya samu hanya, harshenta a waje kamar 'yar makaranta. Ba ta ji shigowata ba sai da inuwata ta faɗa mata.

Na ce mata abubuwa. Na ce ta kusa haukata ni, mako guda ina zaton hankalina ke tafiya. Na ce ta san doka, bakinta ya fi na kowa ƙarfi ranar da aka kafa ta. Na ce in baƙuwar nan ta ɗaga kwando ɗaya ta ga ɗinki biyu a jikinsa, mata ashirin da wani abu za su koma hannun dillalai saboda ita, garin gyaran gira za ta tsone mana ido gaba ɗaya.

Ta bar ni na gama, ita da ba ta taɓa barin kowa ya gama ba. Sannan ta ce, "Bahaguwa, wata biyu ina tsince miki basilla. Kina tsammani ban iya ƙirga ba? In Shugaba ta ga aikinki ya tsaya za ta tambaya, ke kuma na san gara ki mutu da ki amsa."

Na ce to ai ɗinkinta dama yake kwantawa, makaho ma zai shafa ya ji. Ta sunkuya ta duba, ta duba nawa na ƙasa, ta sake duba nata. Shekarunta arba'in tana saƙa, bai taɓa faɗo mata ba, don ba ta taɓa ɗora hannu a kan aikin bahago ba. Ta dafe kai ta ce ta shiga uku, ita da ta zo rufa asiri ashe tallarsa take yi.

Muka zauna a tabarma ɗaya muka yi kuka kamar waɗanda aka yi wa rasuwa. Da muka ji takun mata ta goge fuska ta kunna labarin wata mai kitso.

Laraba, da safe

Zan iya yin shiru. Rediyo ta ce za ta warware nata in maye da nawa, ko zagaye ɗaya ne a rana. Ranar baƙuwa kuma in ɗaure hannun da bandeji in ce ƙuna ce. Ta tsara komai, har irin man da za a ce ya fallatso mini.

Na gwada warware zagaye ɗaya da kaina in gani. Warwara fa, aikin da ake ba 'yan koyo. Kabar ta fi ƙarfina.

Laraba, da yamma

Shugaba ta wuce ta gabana ta ce, Yaya, ki tanadi zanenki mai kyau, za a sake ɗaukar hoto. Na ce to.

In na faɗa, me na zama? A gida ni matar Malam ce, uwar Auta. A titi tsohuwa ce kamar kowace. A ɗakin nan ne kawai ake cewa a tambayi Bahaguwa. Kuma saƙar Inna a yatsun nan kaɗai ta rage. Sau nawa na zaunar da mata kusa da ni in koya musu, su yi kwana biyu su ce kansu na juyawa. Har muka haƙura muka ce abin na bahagwai ne.

Ina jin tsoro. Na rubuta, ga shi nan.

Alhamis, bayan la'asar

Na faɗa.

Ba jarumta ba ce. Na shiga ɗakin ajiya neman baƙar kaba sai na ga kwandunan nan uku a jere, fuskata tana lilo a jikin kowanne, ina murmushi kamar wadda ba ta san komai ba. Shugaba tana gefe tana naɗe wasu a takarda. Na ɗauko ɗaya na miƙa mata na ce ta shafa daga gindi zuwa baki. Ta shafa, yatsanta ya tsaya a tsakiya, ta ɗago ta dube ni. Sai na ajiye hannun hagun a kan tebur na bar shi ya yi abin da yake yi in ban danne shi da ɗayan ba.

Shugaba ta ajiye kwandon. Ƙanwar bayana ce, ni na koya mata fara gindi. Ta tambayi wa ya taimaka, na ce ba zan faɗa ba. Ta ce ba sai na faɗa ba, duk ɗakin mutum ɗaya ce ta yi shiru makon nan.

Ta ciro almakashi ta yanke katunan uku ta sa a aljihu. Ta ce kwandunan ba za su tafi ba, kuma baƙuwa za ta ji gaskiya, ko daga bakina ko daga nata, in zaɓa. Ta ce ba ta san abin da kantin zai yi ba in ya ji mai-komawa-baya ta tsaya, wataƙila su rage abin da suke ɗauka. Sannan ta ce wurina yana nan, ba mai taɓa mini tabarma.

Na gode mata. Amma na san yadda wuri yake in babu kwando a cinya. Na ga Inna a irinsa, ana wucewa ana gaishe ta da ƙarfi kamar kurma.

Asabar, da yamma

Shugaba ta ce in sake gwada koya wa Rediyo, tunda ita ta tsoma hannu sai ta ƙarasa. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa kamar yadda aka saba. Na ce ta shigar ta ƙarƙashi biyu ta dawo baya ɗaya. Ta shigar ta sama. Na ce baya, ta yi gaba. Na ce wannan kai nata in an fasa labarin mutane kawai za a tarar. Ta ce ni kuma da malamar makaranta ce da yara sun ƙona ajin.

Ba abin da ya fito sai ɓarnar kaba.

Litinin, bayan la'asar

Yau ma haka muka fara, har ta ƙule ta jefar da basilla ta taso ta tsuguna a gabana don ta ji daɗin yi mini masifa ido cikin ido. Ta ce in daina ba ta umarni kamar soja, in nuna mata. Na ce da wane hannun? Ta ce da shi ɗin, ko a iska ne.

Na ɗaga shi, yana rawarsa, na yi motsin a hankali ba kaba ba basilla. Sai na ga hannunta na dama, wanda ke daidai saitin nawa, yana bi. Na shiga, ta shiga. Na dawo baya, ta dawo. Kamar ina duba madubi. Na ce ta ɗauko kwando maza kada ta tashi daga nan.

Ya fito. Zanen Inna ne sak, ƙulli da ƙulli, sai dai ta dama yake hawa.

Duk shekarun nan ba wadda ta taɓa zama a gabana. Ni da Inna a jere muka zauna don hannunmu ɗaya, na ɗauka haka ake koyarwa. A ɗakin nan kuma kowace bayanta na jikin taga saboda haske, wa zai zauna ya fuskanci rana? Rediyo ta yini tana ƙifta ido tana hawaye, ta ce in ta makance ni zan ja mata sanda.

Ya kamata in yi murna. Na yi, rabi.

Alhamis, da yamma

Rediyo ta rufe bakin kwandonta na farko. Na karɓa na bi shi da hannun dama zagaye-zagaye ina neman kuskure. Allah ya sani nema nake da gaske. Ban samu ba.

Asabar, da safe

Yau ne. Rana ba ta ƙarya. Ban iya shan shayi ba.

Asabar, bayan la'asar

Baƙuwar doguwa ce, ta manyanta, da takalmin da ya sha tafiya. Tun daga ƙofa ta gane ni, ta taho da fara'a ta kama hannayena biyu ta riƙe. Na ga lokacin da ta ji. Fara'ar ba ta tafi ba, amma ta sassauta riƙon hagun.

Shugaba ce ke fassara. Baƙuwar ta ce ta yi shekaru tana sayar da aikina, yau tana so ta ga yadda ake yi. Shugaba ta dube ni tana jira.

Na ce, "Gaya mata hannun ya daina. Na ƙarshe da na yi ni kaɗai suna wurinta can. Akwai uku da aka taya ni, mun cire su."

Shugaba ta faɗa. Baƙuwar ta nemi ganin ukun, aka kawo. Ta juya su ta shafa, ta san aiki, nan take yatsanta ya sami wurin. Ta tambaya ko akwai irinsu da suka riga suka tafi. Na ce babu. Ta dube ni sosai, ni ma na dube ta. Ta gyaɗa kai.

Sai Shugaba ta miƙa mata na Rediyo. Ta ɗaga shi saitin taga, ta ce wannan ai hawansa ya juya. Aka yi mata bayani, har muka zauna muka nuna mata, ni ina yi a iska Rediyo tana bi da kaba. Ta ce ba za ta yi alkawari ba, masu sayensu sun saba da na hagu, amma za ta tafi da wannan ta nuna, sauran cinikin kuma yana nan yadda yake. Na ji numfashin mata ya sauka a tare.

Ta ciro kyamara don sabon kati. Rediyo ta riƙe kwandon kamar an ba ta jaririn wasu, ta ce ita ba za ta tsaya ita kaɗai ba, in zo mu shiga tare, ai zanen uwata ne. Baƙuwar ma ta yafito ni.

Na tambayi Rediyo ko akwai ɗinkina ko ɗaya a jikinsa. Ta ce babu. Na ce to ta gyara ɗankwalinta ya karkace, ta kuma rufe baki ko sau ɗaya a rayuwarta. Na matsa gefe inda hoton ba zai kama ni ba, na tsaya kusa da buhunan kaba har aka ɗauka.

Litinin, bayan magariba

Gobe asibiti. Auta ta karɓo lamba, Malam ya goge rigarsa tun da rana kamar shi za a duba. Ban san abin da za su ce ba, kuma har yanzu ina jin tsoro.

Masu saƙa irin tamu kowace tana barin farcen babban yatsa ya yi tsawo, da shi ake tsaga kaba. Nawa na hagu ne, ya yi kauri ya yi ja saboda rini, tun kafin in yi aure ban taɓa yanke shi ƙasa ba. Kwanan nan ba abin da yake yi sai kama zane da yaƙushina in hannun ya motsa da kansa.

Na kira Auta na ce ta zo da abin yankan farce. Ta zauna ta ɗora hannun a cinyarta, ta riƙe yatsan, ta tsaya.

"Mama, kin tabbata? In likita ya ce zai warke fa?"

Na ce in ya warke farce yana tsirowa.

Sai da ta sa hannu biyu kafin ya yanku. Malam ya tashi ya fita tsakar gida, wai zai duba ko an kawo ruwa.